Daga sha'awa zuwa sana'a: tambayoyi da amsoshi kan sayar da kayan katako na aikin hannu a karkara

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu taɓa aikin katako don sha'awa a ƙauyukan Kano da Jigawa. Cikinsu akwai malamin firamare da ke haɗa benci bayan an tashi makaranta, da manomin da rani ke bari ba aikin yi, da saurayin da ya ɗan zauna a shagon kafinta a birni kafin ya dawo gida. Hannu kam ya faɗa. Abin da ke ba su wahala shi ne lissafi, da katako, da cika alkawari.

Ina ɗan haɗa tebur da benci a gida. Yaya zan gane aikina ya isa sayarwa?

Kada ka dogara da yabon mutanen gida, don mahaifiyarka ba za ta taɓa cewa bencinka ya karkace ba. Ɗora abin a kan daɓen siminti ka ga ko ƙafafun huɗu sun taka ƙasa tare. Zauna a kai ka jijjiga gaba da baya. In ka ji ƙara a mahaɗa, da sauran aiki. Sannan ka kifa shi ka dubi ƙarƙashinsa, domin nan tsohon kafinta zai fara kai ido: bakin ƙusa da ya leƙo, gam da ya zubo ya bushe, gefen da ba a goge ba.

Bayan wannan sai lokaci. Abin da ya ga hunturu da damina a ɗakinka bai buɗe baki ba, ya isa a kai shi kasuwa. Ɗauki guda ɗaya ka kai inda ba a san ka ba, ka yi shiru ka ji tayin da baƙo zai yi.

Da wane kaya ya kamata in fara?

Da abin da mutanen garinku ke saya ko babu biki. Kujera 'yar tsuguno, bencin ƙofar gida, teburin mai shayi, kantar mai kanti, akwatin mai sayar da turare, abin ɗora Alƙur'ani, bencin Islamiyya. Katakonsu kaɗan ne, ana gama su cikin yini ɗaya ko biyu, in kuma ka ɓata ɗaya asarar ba za ta karya ka ba. Zaɓi iri biyu ko uku ka yi ta maimaitawa har ka daina neman takardar awo. Riba a ƙananan kaya tana cikin sauri, saurin kuma maimaitawa ke kawo shi.

Riƙe awon da jikin mutum ya saba da shi: mazaunin kujera ko benci kamar inci 18 daga ƙasa, saman tebur kamar inci 30. Gado da wadirof su jira tukuna. Dalilin yana cikin amsar da ke kan kayan ɗakin amarya.

Garinmu ba wuta, ni kuma ba ni da inji. Zan iya?

Sosai. Zarto mai kaifi, guduma, tef ɗin awo, ma'aunin kusurwa, abin fere katako na hannu, magagari, abin matse katako ko da biyu ne, da takardar gogewa sun ishe ka kan duk kayan da aka lissafa a sama. Aiki mai cin ƙarfi, wato tsaga falanki da goge fuskarsa, a bar wa masu inji a kasuwar katako. Je da awonka a rubuce, a yanka maka can, ka dawo gida da guntayen da haɗawa kawai suke jira. Ka rage wa kanka kuɗin mota ma.

Ba na ba sabon shiga shawarar sayen janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man da zai sha na iya cinye ribar benci gaba ɗaya. In kuɗi ya samu, fara da injin huda mai batir wanda za ka caja wurin mai sola.

Ina zan sayi katako, kuma wane iri?

Babbar kasuwa ita ce 'Yan Katako ta Na'ibawa da ke kan hanyar Zariya a Kano, amma manyan garuruwa irin su Dutse, Haɗeja, Gumel da Wudil ba sa rasa masu sayarwa. In falanki biyar kake so, saya kusa da gida. Sai sarin ya yi yawa tafiya birni ke biyan kuɗin motarta.

Yawancin katakon kasuwa daga dazukan kudu ake kawo shi. Farin katako irin obeche ba nauyi, yana da sauƙin yanka da araha, sai dai ƙwari na son sa kuma ba ya jure nauyi a ƙafar kujera. Ja irin su mahogani da iroko ya fi tsada da ƙarko. Masu wayo kan haɗa: ja a ƙafafu da firam, fari a inda ba a ɗora nauyi. Ba laifi a yi haka in an gaya wa mai saye.

Kada ka aika yaro ya zaɓo maka. Ɗaga bakin falankin zuwa idonka ka hango tsawonsa, za ka ga ko ya lanƙwashe ko ya murɗe. Duba ƙananan huji masu zubar da gari, alamar ƙwaro na ciki ke nan. Falankin da ya fi 'yan uwansa nauyi da sanyin taɓawa ɗanye ne, kuma amsa ta gaba kansa take.

Me ya sa teburin da na yi lafiya ƙalau ya tsage da shigowar hunturu?

Da ɗanyen katako ka yi shi. Ita ce matsalar da ta fi kowace ɓata sunan sababbin kafintoci a yankinmu. Katakon ya taso daga kurmi mai laima, wani lokaci ba a daɗe da tsaga shi ba aka loda a mota. Da ya iso busasshiyar iskar Kano da Jigawa sai ya riƙa fitar da ruwan jikinsa yana tsukewa. A faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Shi ya sa falanki biyu da ka manna a saman tebur suke rabuwa har ɗan yatsa ya shiga, in kuma ka danne su da ƙusa ta ko'ina sai su tsage a tsakiya.

Maganin shi ne ka sayi katako kafin ka buƙace shi. Jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan duwatsu ko bulo don kada ya taɓa ƙasa. Tsakanin kowane layi sa siraran sanduna, tazarar kamar ƙafa biyu, kowace daidai saman ta ƙasanta, sannan ka danne saman da abu mai nauyi. Shafa fenti a bakunan biyu, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, tsagewa kuma ta nan take farawa. Kada ka shanya a rana don sauri: waje zai bushe ya bar ciki. In kana son sanin ya isa aiki, yanki guntu ka rubuta masa nauyinsa da fensir bayan ka ɗora a sikelin mai kanti. Duk mako ka sake aunawa. Ranar da nauyin ya daina sauka, katakon ya bushe.

Akwai kuma akasin haka. Durowar da ka yi cif-cif a watan Maris za ta kumbura ta ƙi buɗuwa a Agusta. Abin da ka haɗa da rani, bar masa ɗan sarari. Wanda ka haɗa da damina, matse shi sosai.

Akwai bishiyoyi a gonarmu. Ba zan iya sara in huta da sayen katako ba?

Kafin ka ɗora gatari, je wurin mai unguwa ko dagaci da jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma. Sare bishiya ba izini na iya zama laifi, ko a gonarka take, kuma Kano da Jigawa suna cikin jihohi 11 da ke fama da kwararowar hamada.

Ba kowace ce ma ta dace ba. Darbejiya dangin maɗaci ce, katakonta na da kyau kuma ƙwari ba su cika damun sa ba, ga ta da saurin tofowa. Bishiyar turare tana yawan tsagewa da murɗewa wajen bushewa. Kirya da marke tauri gare su, shi ya sa masassaƙa ke neman su don turmi da ƙota, amma za su gajiyar da zarton hannu. Gawo kuwa a bar shi: katakonsa ba ƙarko, alhali ganyen da yake zubarwa taki ne ga gero, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ɗorawa da kanya abin da suke bayarwa a tsaye ya fi na kwance. Madobiya tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta kare namun daji da tsirrai, wato CITES, ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, saboda yadda aka yi ta kwasarta zuwa waje. In ka sami izini ka sare ɗaya, dasa wasu a madadinta.

Mutane sun fi son kayan MDF masu sheƙi. In bi su?

Ka san halinsa tukuna. Garin katako ne da aka matse da gam, yana zuwa a faranti mai ƙafa 4 da ƙafa 8, fuskarsa sumul, ba ya tsagewa da hunturu. Amma in ruwa ya shiga gefensa sai ya kumbura, ba ya kuma komawa. Noti ba ya kama shi da kyau in an kwance an sake ɗaurawa. A ɗakin da ke da tayil da rufi mai kyau yana daɗewa. A ɗakin ƙasa mai yoyo, ko inda ake yayyafa ruwa kafin shara, ƙasansa ke fara lalacewa.

In mai saye ya nace, yi masa, amma ka sa ƙafafu da firam na katako, ka rufe duk gefen da aka yanka. Ka kuma faɗa masa gaskiya tun kafin ya biya.

Yaya zan yi da gara?

Gara daga ƙasa da bango take hawowa. Shafa maganin katako irin Solignum a ƙasan ƙafafu da bayan kaya kafin fenti, ka gaya wa mai saye ya ɗora ƙafafun a kan fale-falen dutse ko guntun tayil, ya kuma bar tazarar tafin hannu tsakanin kayan da bangon ƙasa. Baƙin mai na katakon rufi ne da dirkar rumfa. A kan gado ko kujera yana wari, yana ɓata tufafi. Maganin ƙwarin gona kuwa kada ya kusanci teburin abinci, ko kantar kwanuka, ko gadon yaro.

Yaya ake yanka farashi? Ina sayarwa amma ba na ganin kuɗin.

Mai aikin sha'awa kan lissafa katako da fenti kawai, ya ɗora ɗan wani abu a kai ya ce riba ce. Ya manta da kansa. Sayi littafi mai layi, kowane aiki da shafinsa. Ga misali, ba farashin kasuwa ba: a ce katakon benci ya ci naira 9,000, ƙusa da gam da takardar gogewa 1,500, fenti 2,000, yanka da kuɗin mota 1,500. Ya kama 14,000. Ka yi yini guda a kansa, sai ka sa wa kanka ladan da ba ka yarda a biya ka ƙasa da shi ba in ƙodago ka je, a ce 4,000. Ya zama 18,000. Ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda falankin da ya lalace da zarton da ke dakushewa, ka kusa 20,000 ke nan. Sai daga nan riba ta fara. Wanda ya sallama bencin a 16,000 yana murnar ya ci 2,000, ko ladan guminsa bai fitar ba.

Abu na biyu: yi lissafi da kuɗin da za ka sayi katakon yau, ba wanda ka saya watanni uku da suka wuce ba. In ba haka ba za ka sayar da kaya duka, ka koma Na'ibawa ka tarar kuɗin ba ya sayen abin da ya saya a da. Haka jari ke narkewa mutum na ganin yana ciniki.

A kasuwa dole a yi tayi, saboda haka bar wurin ragi a farashin farko. Amma ka san iyakarka tun daga gida. In tayi bai kai ba, ka ce albarka cikin fara'a. Benci ba tumatir ba ne, zai kai mako mai zuwa.

Nawa zan karɓa kafin alƙalami, kuma me zan yi in ranar alkawari ta zo ban gama ba?

Karɓi abin da zai sayi kayan aikin gaba ɗaya, cikon kuma ranar ɗauka. Kuɗin da aka ba ka na wannan aikin ne kaɗai. Ranar da ka ɗebi na Alhaji ka ƙarasa aikin Hajiya, ka shiga ramin da kafintoci da yawa suka kasa fita, kullum sabon aiki ke biyan tsoho, har ta kai mutum na ɓuya in ya hango mai kaya. Mutanenmu sun riga sun sa kafinta da tela a layi ɗaya wajen saɓa alkawari. Wanda ya fita daga wannan layin, ko aikinsa bai kai na wasu kyau ba, shi za a riƙa nema.

Rubuta komai a gaban mai kaya da shaida ɗaya: awo, irin katako, launi, farashi, abin da aka bayar, ranar ɗauka, da wanda zai biya kuɗin mota. Malaman fiƙihu na kiran irin wannan ciniki istisna'i, kuma abin da suka fi nanatawa shi ne a fayyace siffar kaya da farashi yadda ba za a yi jayayya ba. Kan yawan abin da za a biya tun farko mazhabobi sun saɓa, sai ka tuntuɓi malamin garinku.

In aikin kwana bakwai ne, ka ce goma. In ka ga ba za ka cika ba, kai za ka je tun da sauran kwanaki ka ce, “Baba, a yi mini haƙuri, fenti bai bushe ba, sai Laraba in Allah ya yarda.” Kada ka bari ya ɗauko mota ya zo ya tarar.

'Yan uwa da abokai na ɗauka bashi. Yaya zan hana ba tare da an ɓata ba?

Raba kyauta da ciniki. In za ka yi wa gwaggo kujera don zumunci, ba ta kyauta ka rubuta a littafi cewa kyauta ce. In ciniki ne, ko yayanka ne ya kawo kuɗin katako, kai kuma ka yi masa ragi a ladan hannu in ka ga dama. “Yaya, jarin ba shi da yawa, in na sa nawa aikin gobe zai tsaya” magana ce da kowa zai fahimta. Manomi na iya cewa sai kaka. In ka yarda, a rubuta adadi da rana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, don haka ba wanda zai ce ka raina shi.

A ina zan sami masu saye bayan mutanen garinmu?

Kasuwannin mako: Wudil ranar Juma'a, Dambatta da Gujungu ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis. Wanda ya sayar da sa ko buhunan riɗi yana da kuɗi a aljihu a ranar. Fara gaida sarkin kasuwa a nuna maka wuri. In dillali zai shiga, ku yanke la'ada kafin mai saye ya iso.

Waya ma kasuwa ce. Ɗauki hoto da safe a jikin bango mai tsabta, an share wurin, ka rubuta awo da farashi a ƙasa. Hoton aikinka kawai za ka sa a WhatsApp da Facebook. Wanda ya kwafo na intanet ya ce nasa ne, ranar ɗauka zai ji kunya. Kayan cikin gida mata ne ke zaɓa, saboda haka hoton da maiɗakinka ko ƙanwarka ta nuna a gidan suna ko wurin adashi ya fi wanda ka tura wa abokanka tasiri. In an ce an turo kuɗi, buɗe asusunka ka gani da idonka kafin kaya su hau mota. Saƙon shigar kuɗi na bogi ya yawaita.

Yaushe zan fara karɓar kayan ɗakin amarya? Na ji can kuɗin yake.

Can yake, can kuma haɗarin yake. A al'adarmu iyayen amarya ke yin kayan ɗaki, sau da yawa da kuɗin da uwa ta daɗe tana tarawa. Ranar jere ba ta ɗaguwa saboda kafinta. Kada ka karɓa sai kana da busasshen katako a ajiye, ka kuma yi wata da watanni kana cika alkawari a ƙananan kaya. Bukukuwa kan taru bayan kaka da gab da azumi, ka yanke wa kanka adadin da za ka iya, sauran ka tura wa wani.

Je ka auna ɗakin da kanka, musamman ƙofa da zaure. Wadirof da aka haɗa a shago ya ƙi shiga ɗaki abu ne da ke faruwa, ga dangin ango a tsaye. Yi gado da wadirof masu kwancewa da noti, ka haɗa a can. Tambayi girman katifar, ƙafa 6 da 6 ce ko 6 da 4 da rabi, in an riga an saya ka sa mata tef. Kujerun kushin in ba fanninka ba ne, yi firam ka ba mai soso da yadi ya ƙarasa. Wajen ɗauka a a-kori-kura, naɗe kusurwoyi da kwali da tsofaffin buhuna, ka sa tsumma a ƙarƙashin igiya, ka tafi da ɗan fenti don gyaran ƙarzuwa.

Ina zan sami jari, kuma sai na yi rajista?

Ƙananan kaya da kafin alƙalami ba sa buƙatar babban jari. Adashi ko kuɗin akuya ɗaya na iya tayar da kai, ribar farko kuma ta koma katakon da za a ajiye ya bushe. Guji bashi mai ruwa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana amfani in za ka nemi kwangilar bencin makaranta ko ka buɗe asusun banki da sunan sana'a. Hukumar SMEDAN, mai kula da ƙananan sana'o'i, da NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, kan shirya horo. Nemi labari a ofishinsu, kada ka ba wani kuɗi don ya ce zai samo maka tallafi.

In bar noma ko aikin albashi in koma wannan gaba ɗaya?

Kada ka yi gaggawa. Ciniki na tashi da kaka da lokacin bukukuwa, ya kwanta da damina lokacin da kuɗin kowa ya tafi taki da noma, wanda ya yi daidai da lokacin da gonarka ke neman ka. Bari littafin da aka ambata a amsar farashi ya zagaya shekara guda, sannan ka dubi watanni mafi rauni ka ga ko sun ciyar da gida.

Akwai zakka a kan wannan sana'a?

Kayan aiki irin zarto, guduma da inji ba a fitar musu da zakka. Abin da ake dubawa shi ne kuɗin da ke hannu da kayan da aka tanada don sayarwa. In jimillarsu ta kai nisabi, wato kimar dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, kuma shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Malamai da hukumomin zakka kan sanar da nisabin a naira, tunda yana bin farashin zinariya. Hukuncin bashin da kake bin mutane da kuɗin kafin alƙalamin aikin da ba ka gama ba yana da tafsili, sai ka tafi wurin malami da littafinka a hannu.